Danƙon wasa a kitson Sallah

Ranar Talata, jajiberen ƙaramar Sallah ta 2024, na tashi sahur wajen ƙarfe huɗu. Babu wuta, ga zafin Afrilu irin na Kano, fankar caji ma ta gaji ta mutu tun tsakar dare. Na haska fitilar waya na shiga ɗakin yara don in tashi babban, ɗan shekara tara, wanda ya dage sai ya kai azumin ƙarshe. Ƙanwarsa Auta, mai shekara biyar, tana kwance rub da ciki. Na kai hannu in gyara mata kwanciya, na ɗago kanta, sai matashi ya taso tare da kan.

Da farko na ɗauka cingam ne. Da na matsa fitila sai na ga wani abu ruwan hoda ya shimfiɗe a bayan kunnenta na hagu, faɗinsa ya kai tafin hannunta, ya haɗe kitso uku da rigar matashi kamar an yi musu liƙi. Kitson nan jiya-jiya aka yi shi. Tun bayan azahar muke zaune a gidan mai kitso a nan unguwarmu ta Gwammaja, layi ya zo kanmu bayan la'asar, ba mu dawo gida ba sai da aka kira magariba. Duk uwar da ta taɓa riƙe kan yarinya 'yar shekara biyar ana yi mata ƙananan kalaba a ƙarshen azumi ta san abin da na ji a ƙirjina.

Na san daga inda abin ya fito. Ƙanina ne, kawunsu, ya zo shan ruwa ranar Lahadi da ledar tsaraba daga wani shago a Sabon Gari. A ciki akwai kayan wasa iri biyu da yaran ke kira silaim. Ɗaya yana cikin 'yar roba mai siffar ƙwai, ruwan hoda, mai ɗan tauri, in ka dunƙule shi ka jefa a ƙasa sai ya yi tsalle kamar ƙwallo. Ɗayan kore ne mai ƙyalli, a cikin roba mai murfi irin ta man shafawa, yana yauƙi kamar miyar karkashi. Auta ta ɗauki na ƙwan, yayanta ya ɗauki koren. A idona duk abu ɗaya ne, danƙo ne kawai, kuma wannan zaton ne ya ci mini rabin safiya.

Na yanke rigar matashin a zuciyata, amma ban yanke ta a zahiri ba. Abin da na yi shi ne na zare matashin daga cikin rigarsa, na bar rigar tana reto a kan yarinyar, na ci sahur a tsaye. Bayan asuba na ɗora ruwa, na zaunar da ita a bakin makwarara, na kama wanki da sabulu da ruwan ɗumi. Ruwan sai ya riƙa gangarewa ta kan danƙon kamar a bayan agwagwa. Ɗumin kuma ya ƙara sassauta shi, ina murzawa yana daɗa shigewa tsakanin saƙar kitson. Abin da ya kama kitso uku ya fara neman na huɗu. Auta ta farka sosai a nan, ta gane halin da ake ciki, ta buɗe baki.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kukanta ne ya fito da Abbansu daga ɗaki, ya bi ta falo, ya taka wani abu mai sanyi a kan kafet. Ashe shi ma yayan ya bar tasa robar a buɗe a hannun kujera, ta kife cikin dare. Koren ya malale a kan kafet, wani ya ɗiga a bakin hannun farar shaddar da aka karɓo daga wurin tela a Fagge da daddare aka ajiye a kan kujerar. Shaddar Idi. Bai ce komai ba, yana azumi, sai ya tsaya yana kallon tafin ƙafarsa.

Maƙwabciyata ta ji hayaniya ta leƙo ta katanga. Ita ce ta ce in samo ruwan khal, ta taɓa cire irin wannan a kujerarta. Ina da kwalba ɗaya a kicin. Na kankare abin da zai kankaru daga kafet da cokali, daga gefe zuwa tsakiya don kada ya ƙara faɗi, na haɗa khal da ruwan ɗumi na zuba, na bar shi kamar minti goma. Ikon Allah, koren nan ya saki jiki ya koma kamar ruwan koko. Na bi shi da tsohon buroshin haƙori, ina dannawa da tawul yana tsotsewa, sau uku, sannan ruwa zalla. In ban da warin tsami da 'yan ƙyallin da suka maƙale a gashin kafet, babu abin da ya rage.

Murna ta sa na ruga da kwalbar wajen Auta. Na jiƙa auduga na danna a kan na kanta. Ko gezau. Na ƙara. Danƙon yana nan yadda yake, khal kuwa ya gangara ya sami wuraren da sabon kitso ya ja fata, yarinya ta ƙwalla ƙara har da shure-shure. Maƙwabciya daga kan katanga ta ce to a gwada kananzir. Wannan kam na ƙi. Fatar kan yaro ba ta ɗaukar kananzir, ga risho da gas a kicin taku kaɗan daga inda muke zaune, kuma duk wanda ya girma a garin nan ya taɓa jin labarin gobarar da kananzir ya jawo. Garin gyaran gira ba zan rasa ido ba.

Sai na ɗauko almakashi. Ba zan ɓoye ba, na riga na ware kitso ukun da yatsa, ina lissafin yadda ɗankwali zai rufe wurin. Daidai nan Hajiya, mahaifiyar Abbansu, ta fito daga sashenta da carbi a hannu.

"Ke 'yar nan, me zan gani haka? Kishiyar tawa za ki yi wa ƙwal ranar jajibere?"

Na ce, "Hajiya, na yi sabulu, na yi khal, ya ƙi."

Ta ce, "Ajiye almakashin nan. Wanda ya kawo abin yana raye ko? Kira shi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

Ƙanin nawa malamin kemistiri ne a wata sakandare. Na kira shi ƙarfe bakwai saura, na fara sauke masa abin da ke raina, ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, yi haƙuri. Wanne ne a kan nata, na ƙwan ko koren?" Na ce wane bambanci ke akwai, danƙo ai danƙo ne. Ya ce a'a, ko dangi ba su haɗa ba.

Ga yadda ya yi mini bayani, ina riƙe da waya a kafaɗa, hannuna a kan yarinya. Koren farin gam ne irin na kafintoci da 'yan makaranta, aka zuba masa ruwa da wani gishiri mai suna boraks. Boraks ɗin ne ke ɗaure zaren gam ɗin da juna har ya zama yauƙi. Duk abu mai tsami yana kwance wannan ɗaurin, shi ya sa khal ya narkar da shi, lemon tsami ma zai yi. Na ƙwan kuwa babu ruwa a cikinsa ko ɗigo. Man silikon ne aka dafa da sinadarin borik. Ruwa ba ya kama shi, tsami ba ya yi masa komai. Abu biyu ke karya lagonsa: mai, da sipirit irin na kemis ko sanitaiza. Ya ce a gashi in yi amfani da mai, a tufafi in yi amfani da sipirit, kada in juya su.

Ya ƙara mini wani abu da ya fi komai amfani a ranar. Ya ce halin danƙon nan biyu ne. In ka ja shi a hankali sai ya miƙe ya yi ta tafiya kamar zuma, in ka fizge shi da ƙarfi sai ya katse kamar sabulu. In ka ajiye shi ka ƙyale, da kansa zai kwanta ya malale ya shiga duk wata kafa da ya samu, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Wato da yarinyar ta kwana a kansa, ga nauyin kai, ga ɗumin jiki, ga zafin daren nan, awa shida yana bin saƙar kitso yana cikewa. Ni kuma na zo na taimaka masa da ruwan ɗumi da murza.

Daga baya, bayan Sallah, da ya zo ban haƙuri da kaza, ya ba mu tarihin abin har Hajiya ta ajiye carbi tana saurare. Wai asalinsa ba don wasa aka yi shi ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta mamaye ƙasashen da ake samun roba a Asiya, Amurka ta shiga neman abin da zai maye gurbinta don tayoyi da takalman soja. A 1943 wani injiniya mai suna James Wright a kamfanin General Electric ya haɗa man silikon da borik, ya sami abu mai tsalle da miƙewa amma ba ya yin taya. Ya zauna shekaru ba a san abin da za a yi da shi ba, sai a 1950 wani ɗan talla, Peter Hodgson, ya zuba shi a robobi masu siffar ƙwai ya sa masa suna Silly Putty. Har 'yan sama jannatin kumbon Apollo 8 sun tafi da shi a 1968. Mai yauƙin kuma kamfanin Mattel ne ya fara sayar da irinsa a 1976, kore, a cikin 'yar robar da aka yi kamar kwandon shara. Namu dai ba su da sunan kowa a jiki, kwaikwayo ne. Hajiya ta ce, "To abin da ya gagari soja shi ka kawo wa jikokina."

Mu koma bakin makwarara. Na shanya kan da tawul tukuna, don mai ba ya shiga jiƙaƙƙen gashi da kyau. Na fara da rigar matashi: na riƙe gindin kitson da hannu ɗaya don kada fata ta ji, na fizgi ƙyallen da sauri, gajeriyar fizga. Ya katse tsaf, fiye da rabin danƙon ya tafi da rigar. Na ci gaba da tsinke na saman da ɗan yatsa, fizga-fizga, ina tarawa a murfin roba. Duk sanda na manta na ja a hankali sai ya yi zare ya kama wani gashin.

Sannan mai. Man kwakwana ya kusa ƙarewa, sai na ɗauko man gyaɗa na girki. Hajiya ta shimfiɗa tsohon zani a cinyarta, ta kwantar da kan Auta, ta ce mata, "Kwanta kishiya, yau ni ce mai gyara ki, gobe ki ƙwace mini miji." Yarinya ta yi dariya cikin hawaye. Na tsiyaya man a kan kitso huɗun har ya jiƙe su sharkaf, na shafa da yatsa ba tare da murzawa ba, muka bar shi kamar minti ashirin. Wannan jiran ya fi komai wuya, don ga aikin jajibere yana jirana, ko naman miya ban wanke ba.

Da muka dawo kansa ya canza. Ƙyallinsa ya dushe, ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, in ka taɓa ba ya bin yatsa. Hajiya ta karɓi matsefi. Ta fara tsifa daga bakin jelar kitso, saƙa ɗaya, ta tsaya, ta zare abin da ya fito da farce, ta goge a tsumma, in ɗiga mai, ta ƙara saƙa ɗaya. Ni da na so in tsefe duka sannan in taje, ta ce a'a, in ka saki gashin gaba ɗaya danƙon zai sami sabon wurin kamawa. Gaskiyarta. Kitso na farko ya ci kusan rabin awa. Na biyu da na uku sun fi sauri don mai ya daɗe a kansu. Na huɗu, wanda ni na shafa masa da hannuna, bakinsa kawai ya taɓa.

Bayan tsifa sai taza, ita ma daga baki zuwa gindi, da babban mataji mai faɗin haƙora tukuna. Abin da ya ƙarasa aikin shi ne ɗan matajin nan na kwarkwata da ke cikin kowane gida amma ba mai son a ce nasa ne. Shi ya riƙa fito da 'yan ɓurɓushi ruwan hoda kamar tsakin gero. Kowace taza sai a goge matajin, in ba haka ba ka mayar da abin da ka cire. Gashi ya zuba, ba zan ce bai zuba ba, amma bai fi wanda ke fita a tsifar yau da kullum ba.

Tsugune ba ta ƙare ba, don yanzu yarinya tana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Shamfu kaɗai bai fitar da man gyaɗan ba. Sai da na sa ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke a wurin, na kare mata ido da tawul, na wanke sau ɗaya, sannan shamfu sau biyu, na bi da man kaɗanya don sabulun kwano yana busar da gashi. Sauran kitson da abin bai shafa ba na ɗaure su gefe da leda don kada su tashi. Muna gamawa ana kiran azahar.

Rigar matashi kuwa na yi mata kuskuren da aka hana ni. Hannuna duk mai, na ce bari in gwada a kanta. Danƙon ya fita, man ya zauna, har yau akwai taswirarsa a jiki. Da na gano wani guntu a hijabin Islamiyyarta da wani a zanin gado sai na bi maganar malam. Ƙanƙara a Kano cikin azumi ba abin wasa ba ce, wadda yaron gidanmu ya yi layi ya sayo don shan ruwa ita na fasa na ɗauki guntu. Na ɗora ta a kan danƙon cikin leda har ya yi tauri, na kankare da bayan wuƙa. Abin da ya shige cikin zare na jiƙa auduga da sipirit na riƙa dannawa, ina sa tsumma a ƙarƙashi yana karɓa. Kafin nan na ɗiga sipirit ɗin a cikin kalmasa, inda ido ba ya gani, na tabbatar bai cire launi ba. Sannan wankin omo. Kada a kai guga kusa da wurin sai an tabbatar babu saura, don zafi zai tura shi cikin zaren. Wata dabarar da yayan ya gano da kansa: in ka dunƙule ragowar danƙon ka riƙa dangwala shi da sauri a kan ƙananan ɓurɓushi, yana ɗauke 'yan uwansa. Da ita ya tsabtace maɓallan rimot, wanda ni ban ma san abin ya kai can ba.

Shaddar Abbansu ce ta fi ba ni tsoro, ita ce kuma ban ci nasara a kanta ba a ranar. Koren ya bushe a bakin hannu. Khal ya narkar da gam ɗin kamar yadda ya yi a kafet, amma launin ya bar shuɗi-shuɗin kore a kan fari, sai da na jiƙa wurin da sabulu na ɗan lokaci kafin ya tafi. Matsalar ita ce sabuwar shadda ba ta son ruwa. Wurin da na wanke ya rasa ƙyallinsa, ya fita daban da sauran rigar kamar tabo. Gyaransa sai masu bugu, su kuwa ranar jajibere ko ɗan sarki ne kai sai ka bi layi. Da ta bara ya je Idi. Ita wannan sai bayan Sallah da mako guda aka kai ta aka buge ta dawo daidai.

Saura kitso huɗu a tsefe. Na aika gidan mai kitso, aka ce akwai kai goma sha wani abu a gabanmu, kuma ga masu ƙunshi. Hajiya ta ce a bar mata. Rabonta da kitso tun kafin idonta ya fara ba ta wahala, amma bayan la'asar ta sa tabarau, ta zaunar da kishiyarta a tsakanin ƙafafunta. Nata sun fi na mai kitso kauri, hannun mutanen da ne, kuma sun ɗan karkace. Ranar Laraba da safe Auta ta ƙi ɗaura ɗankwali, duk wanda ya zo barka da Sallah sai ta juya masa bayan kunne ta ce waɗannan huɗun Hajiya ce ta yi.

Koren na zubar a ranar, don malam ya ce boraks ba abin da za a bar yaro yana kai wa baki ba ne, kuma Auta har yanzu tana tsotsar yatsa in barci ya zo. Na ƙwan kuwa ta yi ta roƙo, na ce to, amma da sharaɗi: a tsakar gida, a kan tire, da ɗankwali a ka, ba a shiga da shi ɗaki. Kwana biyu aka kiyaye. Rana ta uku na same shi a kan gado, na ƙwace, na dunƙule shi na cilla saman sif, ban nemi murfin ba don raina a ɓace yake.

Sai wajen tsakiyar Mayu, zan je biki, na sa kujera na hau in sauko da akwatin da nake ajiye lesuka. Babu dunƙule a saman sif. Ya kwanta ya zama faifai, ya bi gefen katako, ya sami bakin zif ɗin akwatin da ban ƙarasa rufewa ba. Na sauko, na aiki yayan kemis ya sayo sipirit, babbar kwalba, ya biya ta wajen mai ƙanƙara.